Na Je Accra Neman Adireshin Gwaggo

Tun da na dawo ban huta ba. In na fito daga masallaci, "Nazifi, yaya Gana?" In na zauna wajen mai shayi, "Nazifi, da gaske a can ma ana jin Hausa?" Shekaranjiya wani ɗalibin jami'a da ya kawo min gyaran waya ya tsare ni da tambaya har shayina ya huce. To ga shi nan zan zazzage muku gaba ɗaya, wanda ya sake tambayata in ce ya zo nan ya karanta.

Amma bari in fara da abin da ya kai ni, don ba yawon buɗe ido na je ba.

Kun dai san ban yi makarantar kwamfuta ba. A waya na koya, sai wata tsohuwar laftof da ba ta riƙe caji, in aka ɗauke wuta ita ma ta ɗauke. Bara na yi wa masu ginin tukwane na garinmu shafi a intanet: hoton tulu, randa, kasko, tukunyar fulawa, da sunan mai ginin, da lambar waya, da inda za a same shi. Wadda ta fara yarda in sa ta ita ce Gwaggo Hajara, yayar babana. Kuma duk layinsu ita ake kallo. In ta shiga abu mata sun shiga, in ta fita ko mutum ɗaya ba zai saura ba.

Mutane suna ganin shafin, suna yaba kaya, suna kira. Amma mota in ta zo ba ta komawa da kayanmu. Na ƙarshen shi ya fi ciwo. Wani mai lambu a Kano ya ce a gina masa tukwanen fulawa, Gwaggo ta yi makonni a kai, ta gasa, ta jera. Ya aiko direba, direba ya zo Wudil, ya gama abin da zai yi, ya saya a bakin titi, ya juya.

Gwaggo ta aika aka kira ni. Ko kallona ba ta yi ba, hannunta na cikin yumɓu.

"Ɗan nan, ni yumɓu na sani, ban san injinka ba. Amma abin da ba zai kawo mutum ba, me zan yi da shi? Na ba ka zuwa ƙarshen girbi. In an gama kai amfani gida ba a ga canji ba, ka cire sunana."

Kun ga ke nan shafin gaba ɗaya ya mutu.

Ga yadda abin yake, ga wanda bai sani ba. In ka rubuta a shafi "Hajara, Wudil, Kano" da lambar waya, ɗan Adam yana kallo ya san wannan suna ne, wannan gari ne, wannan lamba ce. Inji bai sani ba. A wajensa duk haruffa ne a cakuɗe, kamar shanu a kasuwar Kara ranar Juma'a kafin a shafa musu fenti. Shi ya sa a cikin HTML, wato rubutun da ake gina shafi da shi, ake maƙala wa kowane abu alama ta ɓoye: wannan suna, wannan gari, wannan jiha, wannan waya. Kai ba ka ganin alamar, amma injin bincike yana gani, taswirar waya tana gani. Ranar da na gano haka ban iya cin abinci ba don murna. Na sa wa shafina duka. Har ƙofar gidan Gwaggo na je na tsaya na ɗauki ɗigon taswira daidai kan dokin ƙofa. Gurbi biyu kawai suka gagare ni: sunan titi da lambar gida, don layin su Gwaggo ba shi da ko ɗaya. Na ce shi ke nan, nan cutar take. Har na fara tunanin in ƙirƙiro wa layin suna da kaina.

Sai na kai kukana wani zaure na masu gina shafi a intanet. Wata mata mai suna Akosua ta amsa min daga Accra. Ta ce za su yi ɗan taro a kan wannan maganar ta adireshi da lambobin tuntuɓa, kuma suna ɗaukar nauyin motar waɗanda za su zo daga nesa, in zo in nuna musu shafin. Ni? Ni da ban taɓa wuce Kaduna ba!

Da na je sallama, Gwaggo ta ce, "Ankara za ka?" Haka tsofaffi ke kiran garin. Ta shiga ɗaki ta fito da wani ɗan tulu ja, ta naɗe shi a tsohon zani. "Ba a zuwa wa mutane hannu rabbana. Ka kai wa matar. In ka fasa shi kada ka dawo." Ƙaninta kuwa, Baffa Sale mai soya kifi a rumfar bakin gada, ya ƙunsa min kifi a takarda ya ce, "In ka ga kifin teku ka gaishe shi, ka ce masa girman jiki ba shi ne daɗi ba."

A tashar Kano aka fara rigima. Kwandastan doguwar bas ya ce tulu sai but, wajen zuba kaya. Na ce wallahi sai dai ni a sa ni a but. Aka yi ta ja, daga ƙarshe ya ce in na ga zan iya riƙewa har Legas, ga fili ga mai doki. Na rungume shi a cinya. Kusa da ni wata Hajiya ce mai fatauci da atamfa, Hajiya Rabi, haifaffiyar zangon Accra, unguwar Hausawan can, amma aure ya kawo ta Fagge. Tana ta kallona har muka wuce Zariya, sannan ta ce, "Yaro, wannan amarya ce? Tun Kano ba ka sauke ta ba."

Na ba ta labari tun daga farko, har da alamomin ɓoye, har da shanun Kara. Ta saurara tsaf, ta ce, "Ban gane ko ɗaya ba, amma Allah ya ba da sa'a. Miƙo kifin nan." Tun daga nan ta zama uwata a hanya.

Legas ba zan ce muku komai a kanta ba, don ban gan ta ba. Bayan Hajiya kawai na gani, ina bin ta da tulu kamar ɗan rago, tana ratsa mutane tana faɗa da Yarabanci, har ta saka mu a motar Accra da sassafe.

Iyaka uku ce a gabanka, kuma kowacce sai ka sauko da ƙafarka, fasfo a hannu da katin rigakafi. A ta farko jami'in ya ce in kwance zanin. Ya ɗaga tulun, ya ƙwanƙwasa, ya leƙa ciki da ido ɗaya, ya sansana. Ya ce mece ce sana'ata. Ai kuwa ya taɓo inda nake so! Na gyara tsayuwa na fara yi masa bayanin yadda inji ba ya bambance suna da gari. Sai na ji mintsini a bayana. Hajiya ce. "Ce masa mai gyaran waya, mutane na jira!" Na ce mai gyaran waya. Ya ciro tasa daga aljihu ya ce sifikarta ba ta ƙara. Na hure masa ƙurar, na goge da buroshin haƙorina, ta dawo. Har sara min ya yi.

Kwatano kuwa garin babura ne. 'Yan acaɓarsu duk riga ɗaya, ruwan ɗorawa, in suka taso daga danja kamar an kwance buhun fara. Mata ma suna tuƙa babur abinsu, jaka a kafaɗa, ba mai ko waiwayowa. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ɓawon da tauri, cikin da laushi. Faransancina kalma biyu ne, ta gaisuwa da ta godiya, kuma da su na sayi burodin, na sa ragowar kifin Baffa a ciki.

Da muka shiga Togo na duba agogon hannuna na ga lokacin salla na neman wucewa, na tashi hankalin direba a tsaya. Hajiya ta yi ta dariya har da hawaye. Ashe daga nan agogo baya yake komawa da awa guda. Ta ce, "Ka ga ƙasar kirki, tun ba ka roƙa ba ta ba ka kyautar awa."

A Lome na ga teku. Ku yi haƙuri 'yan bakin gada, kogin namu kwata ce. Iyakar Gana tana nan dab da ruwan, kuma kallon tekun ne ya ja min. Ina tafe ina waige, wani mai baro ya taho da kaya, ƙwal! Bakin tulu ya ɓare kaɗan. Na tsuguna ina neman ɓarin a ƙasa kamar wanda ya yar da zinariya. Mai baron yana ta ba ni haƙuri da yaren da ban sani ba, ni ina ta ba shi amsa da Hausa, muka rabu kowa ya gamsu. Hajiya ta ce, "Tulu da tabo shi ne ya yi tafiya. Tashi mu je."

A nan aka tambaye ni inda zan sauka a Accra. Na ciro waya da alfahari. Tun a gida na samo wani ɗan masauki mai sauƙi, kuma abin da ya sa na zaɓe shi, injin bincike ya nuno adireshinsa tsaf a ɗan akwati, ga titi, ga unguwa, ga waya, ga taswira. Na ce waɗannan sun san aiki.

Mun isa Accra da la'asar sakaliya. Hajiya ta ce in zo ta kai ni gidan yayanta in kwana. Na ce, "Haba Hajiya, ni da na zo taron adireshi? Ai in na ɓata a garin nan na ji kunya." Ta ce, "To, malamin adireshi, Allah ya kiyaye." Ta sa ni a tiro-tiro, wato ƙaramar bas ɗinsu ta haya, ta tafi.

Na sauka a unguwar Nima, na bi ɗigon taswira. Dama, hagu, lungu, kwata, wani lungun. Waya ta ce na iso. Na ɗaga kai.

Shagon aski.

Na koma baya, na sake dawowa. Shagon aski dai. Mai askin, wani dogo mai faɗin kafaɗa, ya kalli jakata, ya kalli tulu, ya kashe injinsa, ya juya ga masu jiran layi ya ce da Hausa, "Jama'a, wani ya sake zuwa!" Shago ya kwashe da dariya. Wani tsoho da aka aske masa rabin kai ya ce, "Awudu, ka sayi katifa kawai ka fara karɓar baƙi."

Na ce, "Sallamu alaikum. Don Allah nan ne masaukin..."

"Ba nan ba ne, ɗan'uwa. Masaukin yana can wata unguwa. Daga ina?"

"Wudil."

"Ina ne Wudil?"

"Kano."

"Kano! Zauna, zauna. Ku ba shi ruwa. Kakana daga can ya zo fataucin goro."

Hausarsu da daɗi, sai dai ta sha Turanci da yaren gari, sai ka kasa kunne sosai. Awudu ya ce abin ya ishe shi. Kullum sai an zo masa da akwati, har Turawa. Na ce to wa ya gina wa masaukin shafi? Ya sosa ƙeya ya ce shi ne. Shi ma a waya ya koya, tsakanin kai da kai.

Jama'a, ji na yi kamar na haɗu da ɗan'uwana da aka raba mu tun muna yara! Na ce ina soket? Ya cire injin aski ya sa min laftof. Tsoho mai rabin kai ya ce, "Ni fa?" Awudu ya ce, "Baba, yi haƙuri, rabin da ya saura ba gudu zai yi ba."

Muka buɗe cikin shafin. Ga matsalar nan ɓaro-ɓaro. Akwai wata alama a HTML da ake kira address, aikinta ta nuna yadda za a tuntuɓi mai shafi ko mai rubutun da take ciki. Awudu ya ji an ce ta mai shafi ce, ya ce to ai shi ya gina, sai ya zuba adireshin shagonsa da lambarsa a ciki, a ƙasan shafin. Adireshin masaukin kuwa ya rubuta shi a jikin hoto, da ado da furanni. Mutum yana gani, inji ba ya karanta shi a matsayin adireshi. Da ya zo maƙala alamomin titi da gari da waya a ƙarƙashin sunan masaukin, sai ya maƙala su a kan rubutun da ya samu, wato nasa. Inji kuwa ba ya gardama. An ce masa masauki yana shagon aski, ya ce to.

Muka fitar da adireshin masaukin daga hoto muka rubuta shi da haruffa, muka ba kowane yanki alamarsa, muka mayar da Awudu gefe a matsayin wanda ya gina shafi. Na ce masa ba yau zai gyaru ba, sai injin ya sake zagayowa ya karanta. Ya ce ko shekara ce zai jira. Ya ƙarasa wa tsoho askinsa, ya zaunar da ni ya yi min nawa kyauta, wannan da kuka yi ta tsokanata da shi, sannan ya goya ni a babur har masaukin.

Mai masaukin wata tsohuwa ce da kowa ke kira Maame. A bangon gidanta akwai ɗan allo da haruffa da lambobi, kuma na lura gidaje da yawa suna da irinsa. Aka ce min lambar gidan ce ta zamani, in ka sa a waya za ta kawo ka daidai. Na ce kai, waɗannan sun gama da matsalar! Na tambayi Maame ko ta haddace tata. Ta ce ita? In mutum zai zo ce masa take ya sauka a wajen mai sayar da wake da shinkafa, ya tambayi gidan Maame. Na ce ashe duk kanwar ja ce.

Abinci kuwa, ku zo ku ji. Da safe na fito na ga layi, har da masu kwat da lakataye, kowa na jiran abin da suke kira kokon Hausa. Koko da ƙosai ne fa, namu na gida, sai dai yaji ya fi yawa. Wake da shinkafarsu ja ne, a ganye ake zuba shi, a ɗora taliya da gari da ƙwai, har ka rasa ta inda za ka fara. Wanda ya kayar da ni dokunu ne, wani tuwon masara mai tsami a naɗe cikin ɓawo, da wani baƙin yaji da suke ce wa shito. Na ɗauka miya ce na dangwalo da yawa. Maame ta kawo min ruwa tana shafa min baya kamar jariri. Kifin teku na ci shi, kuma na isar da saƙon Baffa. Baffa, gaskiyarka.

Abin da ya fi ɗaure min kai hotunan mamata ne. Ko'ina a bango manyan hotuna, mutum ya sha ado yana murmushi. Na ɗauka 'yan takara ne. Awudu ya ce sanarwar jana'iza ce, wani sai ya yi makonni kafin a binne shi, a tara dangi, a yi anko, a yi kiɗa. Na ce mu a Wudil in mutum ya rasu da hantsi, kafin azahar an dawo daga maƙabarta. Ya ce su ma a zango haka suke, amma in maƙwabci ya gayyace ka za ka je ka zauna, zaman tare ya gaji haka.

Ranar taro na sa shaddata, na ɗauki tulu. Ina tsammanin Akosua wata budurwa ce mai gilashi. Sai ga mace sa'ar innata, da furfura, ta yi shekaru tana aikin kai saƙo gida-gida kafin ta koyi gina shafi. Na rusuna na ce, "Anti, ga saƙon gwaggona, a yi haƙuri da bakin, teku ce ta ja." Ta juya shi, ta shafa, ta sa aka cika shi da ruwa aka ajiye a kan teburin gaba. Kafin azahar kowa ya bar ruwan roba yana layin tulu.

Na ga abubuwa a ɗakin nan. Wani makaho ya haɗa wayarsa da lasifika ya nuna mana yadda take karanta masa shafi. A shafin da ba alama, sai ta karanto lambar waya kamar kuɗi, miliyan kaza da dubu kaza. A wanda aka sa wa alama, ta gaya masa nan wajen kira ne, ya taɓa, ta kira. Ashe abin da nake yi a ɗakina ina ganin wasa ne, wani da shi yake gane hanya.

Aka zo kaina. Turancina ya gudu ya bar ni, na kamo shi da ƙyar. Na nuna shafin, na nuna tukwanen Gwaggo, na ba da labarin direban da ya juya. Na ce matsalata ba mu da sunan titi, ba mu da lambar gida, ko in ƙirƙiro?

Anti Akosua ta ce a'a, kada in soma. A gurbin titi in rubuta abin da mutanen gari ke faɗa da bakinsu, bayan kaza, kusa da kaza. Gari da jiha da ƙasa kowanne a gurbinsa, sai ɗigon taswira ya cike sauran.

Na ce ai na sa ɗigon, daidai kan ƙofar gidan.

Ta ce, "To in direba ya tsaya a kan ɗigon, wa ke fitowa?"

Tambayar nan ta mayar da ni gida.

Wallahi a tsaye nake a Accra amma ƙofar gidan Gwaggo nake gani. Ga zaure. Ga rubutun da aka yi da gawayi a bango, ba a shiga. Mijinta tun asuba yana gona a Indabo. Yara suna makaranta. Gwaggo tana can ƙuryar gida hannu dumu-dumu da yumɓu, waya tana ɗaki a kan gado. Baƙo namiji ya tsaya a waje ya yi sallama, ya sake, ya sake, shiru. Me zai yi? Ɗan mutunci ne, ba zai kutsa gidan matan aure ba. Ya juya.

Ashe direbobin nan ba ɓata suke yi ba. Suna zuwa! Har ƙofa injina yake kawo su, ya ajiye su a inda ba mai amsa musu.

Na yi musu bayani. Suka yi ta mamaki, don su a can na gani da idona, mutum zai ce "agoo" daga bakin ƙofa, kafin a amsa ya riga ya kai tsakar gida. Wani daga Lome ya ce to a sa ƙararrawa mana. Na ce ko an sa, Gwaggo ba za ta fito wa baƙon namiji da hannun yumɓu ba, kuma ba za a ce ya shigo ba.

Anti Akosua ta yi dariya ta ce shekarun da ta yi tana kai saƙo abu ɗaya suka koya mata: inda mutum yake daban, inda ake samunsa daban. Ta jawo laftof ɗina ta nuna min. Ga alamar mai yin kaya. Ga alamar wurin da ake zuwa karɓa, da nasa adireshin da nasa ɗigon. Ga kuma alamar wanda ake tuntuɓa, har da gurbin lokutan da yake ɗaukar waya da harshen da yake ji. Duk suna nan tun da can, ni ne na cusa su a tukunya ɗaya. Ta ce, "Wa kuke da shi da yake zaune a waje ɗaya kullum, kowa ya san shi, kuma yana iya shiga gidan?"

Ai kafin ta rufe baki na ce, "Baffa Sale!" da ƙarfi, har makahon nan ya ce wane ne kuma wannan.

Dawowa ba ni da labarinta, don ban ga hanya ba. Duk inda muka tsaya ina neman soket. Awudu ya raka ni tasha da kwalbar shito, ya ce in kai wa mutanen Kano su san Gana ba wasa ba ce.

Na iso na tarar an fara yankan dawa. Ban ko huta ba na nufi bakin gada. Baffa ya ce, "Ni da kifi, me ya haɗa ni da tukwane?" Na ce duk direban da ya tsaya jiran kaya, me zai ci? Ya juya kifi, ya ce, "Ci gaba, ina jin ka." Gwaggo ce ta fi wuya. "Sale? Wanda ya fasa min randa yana yaro ya ce akuya ce?" Baffa ya ce, "Yaya, shekara nawa yanzu, kuma akuyar ce." Da ƙyar dai aka daidaita, bisa sharaɗin ba zai ɗauki tukunya biyu a lokaci ɗaya ba.

Na gyara shafin. Mai gini: Hajara. Wurin karɓar kaya: rumfar Sale mai kifi, bakin gada, hannun dama in ka fito daga Kano, Wudil, da ɗigo a kan rumfar. Wanda ake kira: Baffa, daga hantsi zuwa magariba, ban da lokacin sallar Juma'a, da Hausa. Sauran matan layin ma na bi su ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta faɗi wanda zai tsaya mata a waje.

Sai jira. Kullum in duba ko inji ya zagayo, kullum tsohon ɗigo. Amalanke na ta wucewa da dawa, wa'adin da Gwaggo ta ba ni na ta ƙaratowa. Sai wata safiya na duba na ga ɗigo ya koma bakin gada.

Ranar wata Juma'a da hantsi, gari ya cika da shanu da motoci, Baffa ya kira ni. "Zo ka ga baƙonka." Na zo a guje, silifas ɗaya a hannu. Ga wata farar mota a gaban rumfa, ga direba a kan benci yana cin kifi. Na ce yaya aka yi ya gane wurin? Ya ɗaga wayarsa ya ce, "Ita ta kawo ni. Ta ce in tsaya nan in nemi Sale."

Baffa ya shige gaba muka bi shi har gidan. Direba ya tsaya a waje, Baffa ya yi sallama ya shiga, ya dinga fitowa da tukwane ɗaya-ɗaya, muna jerawa a kan ciyawa a bayan mota. Da aka gama, na ji motsi a zaure. Gwaggo ce a bayan ƙyaure, ba ta fito ba. Suka gaisa da direban daga nan, ya yaba gini, ya ce maigidansa zai sake aikowa.

Mota ta tashi. Na matsa jikin ƙyauren na ce, "Gwaggo, girbi ya kusa ƙarewa. In cire sunan?"

Ta ce, "Wai da gaske wayar ce ta ce masa ya tsaya wajen Sale?"

Na ce ita ce.

Ta ce, "To bar shi. Tun da ta koyi inda baƙo ke tsayawa, ta yi hankali."